Ganyen da Ya Fi Ni Shan Ruwan Randa

Zuwa ga matata Saratu, Maman Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina hutawa lafiya inda kika je. Mu nan Kafanchan muna nan yadda kika bar mu, sai dai gwiwata ta hagu da ta ƙara tsami. Rubutun nan na ajin yaƙi da jahilci ne, kin san shi, ki yi haƙuri da shi. Fasto ya ce za a karanta wa matan zumunta ranar tunawa da ke. A karanta. Su ma ina da magana da su.

Bayan gaisuwa, ganyen nan naki na cikin tukunya, wanda kike kira Mai Addu'a, yana nan da rai. Na fara da shi don na san shi za ki fara tambaya, ba ni ba.

Kar ki ce sharri nake miki. Ranar da jikinki ya yi tsanani a asibiti, na sunkuyar da kunnena kusa da bakinki, ina jiran abin da za ki bar mini. Duk zaman da muka yi, da yaran da muka binne, da guda ɗayan da ya rayu. Me kika ce? "Bobai, kar ka ba shi ruwan famfo." Shi ke nan. Wasiyyarki ke nan.

Kin tuna randar bayan ƙofa, wadda kike tara ruwan sama a ciki? In dawo daga layin dogo, na yini ina ɗaga ƙarfe, maƙogwaro ya bushe, in kai moɗa, ki buge mini hannu. Wai ruwan famfo yana ƙona bakin ganyensa. Ni nawa bakin ba ya ƙonewa, ko? Ki jiƙa tsumma, ki bi ganyen ɗaya ɗaya kina sharewa, har zanen fari-farin nan ya fito, ki juya bayansa mai ja ki share. Ni kuwa in ce bayana na ciwo, ki ce man zafi yana kan taga.

Kuma kin san ba ruwan ne kaɗai ya tsaya mini a rai ba. Wa ya kawo ganyen? Emeka direban jirgi, maƙwabcinmu a kwatas na reluwe. Ranar da za su gudu gida kafin yaƙin basasa, kowa na neman akwatinsa, shi kuwa ya rungumo tukunya, ya ƙetare lambatu, ya sa a hannunki. Kika fashe da kuka. Ina tsaye a wurin. Ni na kai musu kaya tasha a kaina, ko tsohuwar hula bai bar mini ba.

Bayan mun binne ki, na fitar da Mai Addu'a tsakar gida. Ni ɗan manomi ne, duk abin da na sani mai tsiro rana yake so. Na ce ya sha rana kamar dawa da acca, a daina lallaɓa shi kamar ɗan sarki. Kafin la'asar ganyen sun nannaɗe, bakinsu ya soye.

Na mayar da shi gefen taga. Da rana ta faɗi, lokacin da kike durƙusawa a gaban gado, shi kuma yake tattara ganyensa sama kamar tafin hannu, na zauna ina kallo. Bai ɗaga ba. Saratu, ranar ce na ji ɗakin nan babu kowa. Ko ranar jana'iza ban ji haka ba.

Ya daɗe kafin ya yafe mini. Yanzu yana inda haske ke shigowa amma rana ba ta taɓa shi. Sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ta fara bushewa nake ba shi ruwa. Da rani ina ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, yadda kike yi. Randar tana hannuna yanzu, babu mai buge ni, amma ruwan famfo nake sha. Ki yi dariya in kin ga dama.

Matan zumuntarki fa? "Sannu Baba" a kan ƙafa ɗaya, sai su wuce taga. "Kai, kamar Mama tana nan!" Ni da na yi zaman aure da ke, ba wadda ta taɓa kallona ta ce haka. Kun ji ni, ai kuna zaune.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Emeka ya dawo garin nan. Kansa fari fat, matarsa ta rasu can gida lokacin yaƙi. Ya zo yi mini gaisuwa, ya ga tukunyar, ya cire hula ya tsaya. Wai na matarsa ne, daga garinsu ta zo da shi tana amarya, ita ta ce a kai miki. In haka ne, me ya hana ta kawowa da kanta? Ya roƙe ni in ba shi, wai ba abin da ya rage masa nata. Na ce a'a. Fasto ya zo ya yi mini wa'azi. Bitrus ya aiko daga Kaduna wai in ji tausayi. Kowa yana bayan Emeka, kamar dā.

Jiya na juye tukunyar a kan tabarma. A gefe akwai ƙaramin tsiro da ya fito damina da ta wuce, bayan tafiyarki. Na sa wuƙa na raba shi da saiwarsa, na dasa a gwangwanin madara. Shi na kai masa. Wannan bai san hannunki ba, tsummanki bai taɓa shi ba. Waɗanda kika share kuwa suna nan wurina, ko ganye ɗaya ba zai fita ɗakin nan ba sai an fitar da ni.

Na haɗa masa da kwalbar ruwan randa. Na ce kar ya ba shi ruwan famfo. Ya yi kuka. Ni ban yi ba, sai da na iso gida.

Ubangiji ya ba ki hutu, ya sa ki a inuwa mai sanyi, ya gafarta mini zafin raina. In matar Emeka tana kusa da ke, ki gaishe ta, ki ce abinta ya koma gida. Shi kuwa in ya riga ni zuwa, kar ki tashi ki tarye shi. Ki zauna ki jira ni. Amin.

Rana ta faɗi, Mai Addu'a ya fara ɗaga hannu. Bari in durƙusa a wurinki, in gwiwa ta yarda.

Ni ne mijinki, wanda ya biya sadakinki,
Bobai