Jan da Na Rage wa Geron Babana

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya wasa bakinsa ya daure ya karanta har ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi, shawara ce ta kawo ni.

Ni 'yar wani ƙauye ce a yankin Tsamaye, ina digiri na biyu a kimiyyar tsirrai, bincikena a kan gero ne da fari. A taƙaice, idan ƙishirwa ta kama shuka akwai ƙwayoyin halitta a jikinta da ke farkawa su kama aikin kare ta, mu kuma ƙarfin wannan farkawar muke aunawa. Mun tara irin gero daga wurare da dama har da sababbin da aka inganta, ni kuma da rawar kaina na cusa na gidanmu, wani gajeren gero mai sunkuyar da kai da muke kira ɗan-duƙe, wanda Babana ya gada wajen nasa uban. Da hannunsa ya ɗebo mini yana dariya, wai ga ɗan-duƙe zai riga shi shiga jami'a.

Sakamakon irin wannan aiki lambobi ne birjik da ido ba zai iya bi ba, don haka ake mayar da su hoto mai gida-gida kamar saƙar tabarma, kowane iri da layinsa. Ja yana nufin ƙwayar ta farka da ƙarfi, shuɗi ta kwanta, fari tsaka-tsaki, a gefe kuma akwai sandar launi mai nuna wace lamba ce ke ba da wane launi. Da na zana hoton farko sai na ga abin mamaki. Layin ɗan-duƙe ja wur, sauran duka sun koɗe sun yi dishi-dishi, domin lambarsa ta yi nisan da ta janye ma'aunin gaba ɗaya zuwa wajenta. Ban gama mamaki ba sai ga wani abokin karatuna ya leƙo ta bayana, Bayarabe ne haifaffen Sakkwato, bari in kira shi Kunle. Ni kuwa Bagobira ce, kun dai san tsakanin Bagobiri da Bayarabe, kullum cikin yi wa juna tsiya muke. Ya buga tebur ya ce, "Ke baiwata! Duk geron duniya ya suma sai na gidanku? Ko manja kinka zuba ma na'urar?" Na ce manja ai gadonku ne, mu ba mu san hanyarsa ba. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Wasa yake yi, wallahi wasa yake yi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. In Kunle ya faɗa da wasa, masu jarrabawa fa? Me za su ce in suka ji layin da ya fi kowane ja daga rumbun ubana ya fito? Ni mutum ce mai tsananin gudun a raina ni, gara in kwana da yunwa da a ce na yi son kai. To akwai hanyar da masu ilimin suka yarda da ita: a tsayar da ma'aunin a wani mataki, duk abin da ya zarce ya fito da ja iri ɗaya, don sauran su samu su bayyana. Amma da sharaɗi. Dole a rubuta a bakin sandar cewa daga nan zuwa sama ne, ko a ba wanda ya zarce launi dabam, ko a ɗiga masa alama don mai kallo ya san akwai abin da ya fi ƙarfin hoton. Na san sharaɗin sarai. Har na sa alamar, wani ɗan tauraro a kan layin ɗan-duƙe, na zauna ina kallonsa, sannan na goge shi. Nan take ɗan-duƙe ya yi ja daidai da wani sabon iri da ke kusa da shi, alhali ko kusa ba su haɗa hanya ba. Kamar a auna rijiya da gulbi da moɗa ne, kowanne zai cika ta.

Na yi ta lallashin kaina cewa ban taɓa lamba ko ɗaya ba, suna nan yadda na'ura ta ba da su. To wa ke buɗe lambobi in ga hoto mai kyau? Malamina ya yaba, ya ce ya fita tsaf. Daga nan hoton ya shiga rahoton da aka aika wa wata ƙungiya mai raba iri ga manoma, su kuma suka ga ja biyu iri ɗaya, suka zaɓi sabon tunda ya fi cika rumbu a shekarar ruwa. Don adalci, ban ce lallai ɗan-duƙe ya fi ba, mai yiwuwa ma na'urar ce ta yi kuskure. Sai an sake gwaji za a sani. Amma wa zai sake gwada abin da bai ga ya bambanta ba?

Kuskurena mafi muni shi ne na buga hoton na kai gida don a yi alfahari da ni. Baba ya shimfiɗa shi a kan buzu ya ce, "Ina ɗan-duƙe ciki, ɗiyata?" Na nuna. Ya ce, "Wanga na kusa da shi hwa?" Na ce sabon irin da za a raba ne. Ya daɗe yana duba su, sannan ya ce, "Ashe duk ɗaya na. To mi za ni yi da tsoho, ga wanda ya hi shi yawa?" Dama ce Allah ya ba ni a tafin hannu, kalma biyu kawai zan faɗa, amma na ce, "Haka ne, Baba." Ya naɗe hoton a leda, ya riƙa tafiya da shi har kasuwar Bafarawa yana nuna wa mutane aikin ɗiyarsa. Maƙwabtan da suka saba karɓar iri a hannunsa duk suka bi shi suka koma sabon. Bara ba a samu abin kirki ba, aka yi ta sussuke ɗan-duƙe ana tuwo da shi tunda ya tashi daga iri ya koma abinci. Yanzu dami ɗaya ya rage a rumbunmu, kuma ban san wani gida da ke da shi ba.

Bana ruwa ya sauka, aka shuka sabon irin, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke ɗif. Shekaranjiya Baba ya kira ni, muryarsa ba daɗi, ya ce gonar duk ta yi yaushi, ganye ya nannaɗe. Sai ya ƙara da cewa akwai gyauron ɗan-duƙe a bakin gona, wanda ya zube bara ya tsiro da kansa, shi yana nan kore shar. Ya ce, "Su Malam Idi maƙwabcinmu sun zo sun tsaya kansa suna ta magana. Ni ko nac ce musu ido ka ruɗin mutum, na'ura ba ta ƙarya, ɗiyata kuma ba ta yi mani ƙarya." Ya ce hatsi ya ƙare a gida, in an taso daga kasuwa mai zuwa za a sauke damin nan a sussuke, yara su samu na kunu. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, a bar wannan damin." Ya ce, "Don mi? Ba ke kinka ce duk ɗaya na ba?" Ni da nake da baki kamar reza a gaban Kunle, sai na ce ba na jin sa sosai, sabis ba kyau, na kashe wayar.

Tun daga lokacin nake ta juya maganar. In na je wajen malamina da hoton gaskiya, yana iya kiran abin maguɗi, karatun ya tafi a banza. In na gaya wa Baba, da wane ido zai kalli mutanen da suka bar irinsu saboda maganarsa, gonakinsu na ƙonewa? In kuma na yi shiru, damin zai shiga turmi, daga nan babu ɗan-duƙe, babu abin da za a sake gwadawa har abada. Hatsin da za su ci zan iya nema in aika, wannan ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce zai sake tambayata don me, kuma yanzu haka yana can yana ƙaryata idonsa a gaban mutane saboda ni.

Kasuwar jibi ce. Jama'a, don girman Allah, da wa zan fara, kuma me zan ce masa?