Kunnena Ya Koma Jin Maza Kaɗai

Anti, don Allah ki agaje ni kafin 'yata ta sallama ni.

Ni malamar makaranta ce a Kebbe, na kusa ritaya. Na ƙarar da ƙuruciyata ina faɗa a taro cewa ba a sauraron mata. Yau ga ni, muryar maza kawai nake ji. Ɗana Shafi'u ya yi magana daga zaure, tar nake jinsa. 'Yata Najiba kuwa ta taso daga Tambuwal bisa babur, ta zauna gefena, cikin kunya ta faɗa mini tana da cikin fari, ni ina ta tsintar wake. Shafi'u ya leƙo neman hularsa, nan take na amsa. Ta tafi, ta daina kirana. Labarin cikin ma a bakin Shafi'u na ji shi.

Ga kuma gyare. Tun bara yake mini kuka, siriri, ba hutu. Na kwashe kayan ɗaki, na fesa maganin ƙwari har kaji suka yi layi, na zazzage mai injin niƙan da ya daɗe a jikin katangata. Sai da gyaren ya bi ni biki Jabo na gane a kunnena yake haya. Duk karatuna! Haushi ya cika ni, na rasa wanda zan rufe da faɗa.

Mai Gyare, Kebbe

Malama, ajiye maganin ƙwari. Gyaren da rashin jin Najiba wataƙila matsala ɗaya ce. Sau da yawa ƙarar kunne tana kama da irin sautin da kunnen yake rasawa. Mai siririyar ƙara yakan fara rasa siraran sautuka, shi ya sa maganar mata da yara take shige masa, ta maza mai kauri ta tsaya. Shekaru da ƙarar inji suna jawo haka.

Gwajin ji a wurin likitan kunne ne zai tabbatar. Kada ki ɗiga komai a ciki. In kunne ɗaya ne, ko ƙarar tana bin bugun zuciya, ko da jiri, ki hanzarta.

Ba ki da laifi, amma Najiba ma tana da gaskiya: ta kawo albishir, aka amsa wa hula. Kada ki kira ta a waya, kada ki aiki Shafi'u. Hau babur ki je Tambuwal, ki zauna kina kallon bakinta, ki ce ta sake faɗa miki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki ji kukan jikanki da kunnenki.