Salansar motar yayana da ƙirjin 'yata

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, ka sa mini wannan ba tare da sunana ba, domin a Nima da Maamobi duk wani mai furfura zai iya gane ni. Sunayen da zan kira ma na aro ne. Don Allah ku ba ni shawara, na tsufa ina ba wasu, yau ga ni na rasa ta kaina.

Ni direban manyan motoci ne a da. Na yi Abijan, na yi Wagadugu, na zauna Kano da Legas, har Sabha na kai kaya. A Maraɗi na auro matata Rabi, Allah ya ji ƙanta, na kawo ta gidan mahaifinmu a Nima, ba ta da kowa a Ghana sai ni. Da mahaifinmu ya rasu aka raba ɗakuna, nawa ya faɗo wanda yake bakin hanya, taga ɗaya gare shi, tana kallon lungu. Yayana Garba, uba ɗaya muke, ya so in bar masa ya fasa bango ya mai da shi sito, don a lokacin ya sayi pikop mai shan dizal, irin wadda mutanen Kano ke ce wa a-kori-kura, yana ɗauko doya daga arewa. Na ƙi. Da zan tafi Legas aiki na ce wa Rabi ko me za a yi mata kada ta bar ɗakin nan, domin a gidan gado in ka fita da tabarmarka ba ka komawa. 'Yarmu Azumi tana goye a lokacin.

Ban dawo ba sai shekarar da aka kore mu 'yan Ghana daga Legas. Abin da na fara gani kafin in ga iyalina shi ne bangon ɗakina. Wata baƙar da'ira ta kewaye tagar kamar gindin tukunya, an cusa tsummoki a duk wata kafa. Na shiga na tarar da Rabi ta rame, Azumi kuma tana zaune a kan tabarma, duk numfashin da ta ja sai ƙirjinta ya yi ƙara kamar ana busa usur. Rabi ta share mata hanci da gefen zane ta nuna mini, baƙi wuluk.

Washegari bayan sallar asuba na ga yadda ake yi. Yaya Garba ya shigo da motar lungun da baya, ya tsaya daidai tagar, ya tayar da inji wai yana ɗumama shi, yana taka totur yana saki. Hayaki baƙi kamar na ƙona taya yana dukan tagar kai tsaye. Da ya shiga gida shan koko sai na kwanta ƙarƙashin motar. An yanke salansar an jefar da tukunyarta, an yi wa bututun gwiwa da walda, an fito da shi ta gefe gaban tayar baya, an ɗaga bakinsa sama. An kuma buɗe famfon mai fiye da kima, shi ya sa hayakin yake da kauri haka. Jama'a, na ga inda ake miƙe salansa sama saboda rairayi da ruwa, na ga yaran Legas suna huda ta don ƙara kawai, amma ban taɓa ganin an auna bakinta da tagar mutum ba sai a gidan ubana.

Abin da yake faɗa wa mutane shi ne gyaran yana ƙara wa mota ƙarfin hawan tudu da kaya. Na ce masa ya faɗa wa masu sayar da tumatir wannan, ba ni ba, karkata bututu gefe ba ya ƙara wa inji komai. Sai ya daina ɓoyewa. Ya ce ya ce wa Rabi ta tashi ta ƙi, bai taɓa ta ba, bai zage ta ba, in ina da ƙarfi in kai hayaki ƙara wurin sarkin zango. Daga baya Rabi ta gaya mini ta taɓa durƙusawa gabansa da yarinyar a hannu, ya dube ta ya ce, "Amarya, ai mota ba ta san taga ba." Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga da ke soya kifi a bakin lungun ita kaɗai ta taɓa zaginsa. Mazan unguwa suka ce maganar gida ce.

A makon nan na kwashe su muka kama haya a Maamobi, shi kuma ya samu sitonsa. Amma asma ta riga ta zauna wa Azumi, har yau da take da 'ya'ya manya ba ta fita ba maganin shaƙa a jaka. Abin da ya fi ci mini rai, Yaya Garba ne ya raɗa mata suna Usur. Duk sallah in mun je gaisuwa sai ya ce, "Ina Usur ɗina? Zo ki busa wa Baba Babba," ya miƙa mata alewa, ita kuma tana dariya tana hawa cinyarsa. Ta tashi tana ganin duk dangi ba mai sonta kamarsa. Na so in hana zuwan, Rabi ta ce a'a. Ta sa na yi mata alkawari ba zan taɓa gaya wa yarinyar ba, ta ce ita ta san zaman rashin dangi, ba za ta so 'yarta ta tashi tana ƙin jininta ba. Ta sake tuna mini alkawarin a ciwonta na ajali.

To yanzu ga inda muke. Yaya Garba ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kwance a asibiti. Arzikin ya daɗe da tafiya, 'ya'yansa suna Turai, ba mai ɗaga waya. Azumi kuwa Allah ya buɗa mata, tana da gidanta a unguwar Madina nan Ghana, ta ce ba za a bar Baba Babba a wulaƙance ba tana raye, ranar Juma'a za ta ɗauko shi ya zauna wurinta, ita za ta riƙa jinyarsa.

Na je asibitin ni kaɗai. Na ce masa Yaya, kafin ka shiga gidan yarinyar nan ka nemi gafararta, ko ba ka faɗi dalili ba. Na yi zaton ciwo ya tausasa shi. Wallahi da rabin bakin da ya rage masa ya yi dariya. Ya ce, "Ta mutu ne? Ga ta nan da gida da mota. Kai ka tafi yawon duniya ka bar su, ni a ƙofar gidan ubana na ajiye motata." Da na tashi tafiya ya ce in gaya wa Usur ba ya cin tuwo mai sanyi.

Tun ranar ba na jin daɗin abinci. In na faɗa wa 'yata, na karya alkawarin matar da ta shanye hayakin nan saboda maganata, kuma likita ya sha gaya mana ɓacin rai yana tayar wa Azumi da ciwon, ban san abin da labarin zai yi wa ƙirjinta ba. Mai yiwuwa kuma ta fasa, tsoho ya mutu a yashe, a ce ni na jawo. In na yi shiru, zan zuba ido 'yata tana ɗaga shi tana kwantarwa, tana haki, yana kiranta da sunan da ya samo daga abin da ya yi mata.

Jiya ta kira ni a waya, ina jin ƙarar nan a numfashinta, ashe fenti take sa a yi wa ɗakin da zai zauna. Ta ce, "Baba, na ba shi wanda ya fi manyan tagogi, ka san tsoho yana son iska."

Ku gaya mini tsakani da Allah, in faɗa mata kafin Juma'a, ko in riƙe alkawarin Rabi in je in kama mata shi su shigar da shi ɗakin?