Ƙarar da Na Kashe

Tamanrasset, Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 4:40 na yamma.

Yaya Gwamma,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata lafiyata lau.

Na samu aikin kula da sauti wajen wasu masu kiɗan zamani da ake kira jaz. Ba sa shirya kiɗa: mai gurmi ya fara, mai ƙaho ya bi, shugabansu Tijani yana murɗa sautin da na'ura. Ɗazu ana tsakiyar wasa na ji ƙara kamar lalataccen rediyo. Cikin daƙiƙa arba'in na gano daga na'urar take fitowa, na cire mata waya.

Tijani ya daka min tsawa: "Malam mai diploma, ƙarar ita ce kiɗan!"

Shekara uku fa na yi ina koyon kashe irinta!

Ki sa ni a addu'a. Ban sani ba ko aikina yana nan gobe, kuma ban san yadda zan gane ranar da na'urar ta lalace da gaske ba.

Ƙaninki,
Sharifu