Fuskar Uwata A Ƙarƙashin Tawada

Tiya Meding, ki taimake ni kafin in ƙyasta ashana.

Mahaifina, Mang Teroy, ya shekara talatin yana zana labarin hotuna a shafin baya na wata jarida a nan Manila. Duk wanda ya tashi a lokacin ya san mayyar labarin, Donya Karimlan, mai fiƙa da dogon harshe. Mu 'yan unguwar Sampaloc kaɗai muka san fuskar uwata ce. Yana zaune yana zane, ita tana guga a gabansa, sai ya riƙa kwafe ta. Ko tabon da ke gefen hancinta bai bari ba.

Yara na bin ta kasuwa suna ihun “Donya, wa za ki ci yau?” Mai kifi ta taɓa naɗe mata kifi da shafin, tana dariya, wai “Aling Pacing, ungo, kai kanki gida.” Nanay, wato uwata, ta daina zuwa coci, daga baya ta daina fita kwata-kwata. In na yi magana sai Tatay, mahaifin nawa, ya ce ai mayyar ce ke ciyar da mu. A haka har ta rasu.

Yanzu shi ma ya bi ta. Ranar addu'ar arba'in muka buɗe akwatinsa, sai ga ainihin zanen hannunsa, ɗaruruwa. Yayana, Kuya Nestor, yana so a ba gidan tarihi, wai don suna ya ɗore. Sunan wa? Ni ƙone su zan yi. Kin san da shuɗin fensir masu zane ke farawa, don ba ya fitowa a bugu. To, ƙarƙashin kowace fiƙa ga Nanay nan da shuɗi, tana murmushi, wani wurin da allura a baki. Ya gan ta sarai, sannan ya ɗauko tawada! Na karanta tarihin masu fasaha ba adadi, ban ga inda aka tambayi matansu ba.

Shekarata hamsin da biyu, kamanninta sun fara fito mini. In na duba madubi, mayyar nake fara gani kafin uwata.

'Yar Mayya, Sampaloc

*

'Yata, fushinki na kan hanya. Mahaifinki ya cuci matarsa, gwanintarsa ba ta wanke shi ba. Shi ma yayanki ba maƙiyinki ba ne, uba ya rasa, yana neman abin riƙewa.

Amma ajiye ashanar ki yi tunani. An buga mayyar nan sau dubbai, tana gidajen mutane, wutarki ba za ta kai can ba. Murmushin nan na shuɗi kuwa, a akwatin nan kaɗai yake a duk duniya. In kika ƙone, mayyar ce za ta saura.

Ki zauna da Nestor. Ku bayar, amma bisa sharaɗi a rubuce: a kafa hotonta na gaskiya a bakin ƙofa, da cikakken sunanta, kuma ke za ki rubuta abin da zanen ya jawo mata, ba ragi. In sun ƙi, akwatin ya koma gida.

Kafin nan ki zaɓi shafin da shuɗin ya fi fitowa, ki rataye shi kusa da madubinki. Allah ya jiƙan Aling Pacing, ya sanyaya miki zuciya.

Tiya Meding