Lambar da Kawu yake canzawa da hannu

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Litinin. Raina a ɓace yake, in ban samu wanda ya taka min birki ba zan yi abin da danginmu za su daɗe suna maganarsa.

Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ce, a wani ƙaramin kamfani mai ɗaki biyu a saman shagon tayoyi. Manhaja ɗaya ce ke riƙe da mu, wadda masu shagon hoto ke sakawa a kwamfutarsu su yanka hoton fasfo, su jera a takarda, su buga. Ƙanin mahaifiyata ne ya rubuta ta tun ina sakandare, kuma shi ya fara zaunar da ni gaban kwamfuta. Ban manta ba, kullum ma ana tuna min.

Duk sanda za a fitar da sabon zubi, Kawu kaɗai ke haɗa shi, a wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinsa mai ƙugi kamar injin niƙa. Yini guda cur yake yi, ya kwafo wannan fayil, ya danna wancan, ko tari ba a yi a ofis. In Kawu ya yi mura, manhajar ma ta kwanta. Wata shida ina bin Manaja kafin ya bar ni in saita tsarin da zai riƙa haɗa ta da kansa. Umarni ɗaya za ki bayar, ya tattaro rubutun manhajar da hotunan madannai da sauran tarkace, ya miƙo miki ita a shirye cikin minti goma. Sau uku ina zama da Kawu da biro da takarda ina tambayar matakan da yake bi. Ya lissafo min goma sha ɗaya, yana yi yana latsa waya kamar ba da shi nake ba.

Sati biyar na yi a kan aikin nan. Na gwada ya fi sau ashirin, manhaja tana buɗewa, komai yana wurinsa a allo. Muka tura wa shaguna. Kwana biyu waya ta fara ruri. Hotunan fasfo suna fitowa a tsuke, sun ɗan gaza ma'auni, ofishin da ake kai su yana mayar da mutane gida. Wani mai shago ya hau benen nan da kansa ya watsa mana hotuna a tebur. Manaja ya wanke ni tas a gaban kowa. Kawu kuwa yana zaune ya harɗe ƙafa, ya ce wai shi dama bai taɓa yarda da aikin da hannu bai taɓa ba.

Jiya na kwance tsohon zubin na kwatanta da nawa, layi bayan layi, sai ga shi. Lambar girman bugu 103 ce a nasa, a rubutun da muke ajiyewa kuma 100. Ashe akwai mataki na goma sha biyu! Yana canza lambar, ya haɗa, sannan ya mayar da ita yadda take, shi ya sa ba ta bar alama ba. Shekara da shekaru yana wannan, amma duk zaman ukun da na yi da shi bai ambace ta ba.

Ranar Litinin Manaja zai yanke ko a watsar da tsarina a mayar da ni amsa wayar kwastomomi. Niyyata in haska lambobin biyu a bango, manya-manya, kowa ya gani. Mama ta ce in yi shiru in ɗauki laifin, wai Kawu uba ne. To ni ba 'ya ba ce da za a bari a tozarta ni? Wallahi ko gaishe shi ba na iya yi da zuciya ɗaya. Ki faɗa min gaskiya.

Wadda aka ɗora wa laifi

*

'Yata, fushinki yana kan hanya. Kin yi tambaya har sau uku, kin yi aikin da ya kamata a yi tun tuni, kuma maganar da Kawunki ya yi a gaban mutane bai kyauta ba. Ban goyi bayan ki haɗiye laifin da ba naki ba. In kika yi shiru an watsar da tsarin, kamfanin zai koma jiran lafiyar mutum ɗaya da tsohuwar kwamfuta ɗaya.

Amma ki bar ni in taɓa ki kaɗan. Kin ce kin gwada ya fi sau ashirin a allo. Sau nawa kika buga hoto a takarda kika ɗora masa rula? Mai neman fasfo takarda yake kaiwa ofis. Wannan gefen naki ne, ki amsa shi da bakinki ranar Litinin, zai ƙara wa maganarki nauyi.

Game da Kawu, ba ni da tabbacin ya ɓoye miki da gangan, ke ma ba ki da shi. Abin da hannu ya shekara yana yi, sau da yawa mai hannun ba ya ƙirga shi a mataki. Mai yiwuwa ne kuma ya tuna bayan ɓarna ta faru, kunya ta hana shi magana. Ki kuma duba abin daga kujerarsa: aikin da ake masa shiru yini guda yana yi, 'yar da ya koyar ta mayar da shi minti goma. Tsoro ba uzuri ba ne, amma yana sa babba ya yi abin da bai dace ba.

Kada ki haska komai a bango. Gobe ki je gidansa ki gaishe shi yadda kika saba, ki nuna masa lambobin ku biyu kawai, ki tambaye shi dalilin 103. Kin gano lambar, amma dalilinta yana kansa, kuma ba mamaki akwai mataki na goma sha uku. Ki roƙe shi ya haɗa manhajar sau ɗaya kina gefensa, kina rubuta duk inda yatsansa ya sauka. Ki saka gyaran a tsarinki, ki rubuta a gefen layin cewa shi ya gano shi, ku buga hoto ku auna tare. Sannan ki faɗa masa cikin ladabi cewa ranar Litinin za a yi bayanin lambar, kuma kin fi so ya fito daga bakinsa. In ya ƙi, ki sami Manaja a ofishinsa ki faɗa masa, ba tare da 'yan kallo ba.

Aikinki kike son tsarewa, kuma ba sai kin kunyata Kawunki za ki tsare shi ba. Allah ya huci zuciyarki, ya sa a tashi taron Litinin kina da aikinki, kina kuma da gidan da za ki je gaisuwa.

Antinki