Zan Sassaƙe Jitar Baba, Yaya Ya Ce Ban Isa Ba

Anti mai fili, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara. Amma tun kafin in fara bari in gaya miki, idan cewa za ki yi in yi haƙuri kawai, to an riga ki, kunnena ya cika da ita. So nake wani ya saurare ni har ƙarshe ba tare da ya katse ni da "ai yayanki ne" ba.

Ni mace ce, na ɗan haura talatin, ina da shagon gyaran waya da rediyo a bakin titi. Ranar Lahadi da yamma kuma ina kaɗa jitar bes a wata 'yar ƙungiyar kiɗa. In ba ki san ta ba, ita ce doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda amonta ke sauka a ƙirjin mutum. Babu ƙwararre a cikinmu. Mai gangarmu direban motar makaranta ne, Dogo muke ce masa. Mai fiyano akawu ne, mai waƙarmu kuma malamar firamare. A wani sito muke atisaye, bayan shagon buga takardu, cikin warin tawada, muna zaune a kan kwalaye. In ana yaye ɗalibai ko sallamar wani ma'aikaci sai a kira mu, mu yi kiɗa, a ba mu abinci, mu koma gida muna ji da kanmu.

Jitar ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Tela ne, amma duk ƙuruciyarsa da ita ya yi ta, a ƙungiya irin tamu. Ya sha faɗa a gabanmu cewa duk wanda ya kaɗa ta shi ne mai ita. Yaya, babban wanmu, shi ya fara gwadawa tun Baba na raye, yatsunsa suka yi bororo, ya ajiye bai sake waiwayarta ba. Bayan rasuwar ta yi shekaru a ƙarƙashin gadon Mama, ba mai zuwa gaishe ta sai kyankyasai. Ni na jawo akwatin. Na tarar tsirkiyoyin sun yi tsatsa, wuyanta ya fara lanƙwasa, wayoyin ciki sun saki. Ni na zauna na liƙe su ɗaya bayan ɗaya da dalma har ta sake yin magana. A lokacin ban ji wani ya ce kayan tarihi ce ba.

Matsalar ita ce ni bahaguwa ce, jitar kuwa don mai hannun dama aka ƙera ta. Anti, hannun nan nawa ya sha wuya. A makaranta an doke shi, a gida an yi masa tsawa, har na koyi rubutu da cin abinci da dama. Amma kiɗa ya ce sam. Na yi wata da watanni ina fama, hannuna na dama yana tafiya a kan tsirkiya kamar na aro. Ran nan na gaji, na juya ta. Na kwance tsirkiyoyin na sauya musu wuri, mai kaurin ta koma sama. Na sake goge ɗan ƙashin da suke kwanciya a kai a ƙarshen wuya, na huda sabon rami na mayar da ƙusar maratayi ɗaya gefen. A satin nan na kaɗa waƙar da na kasa a baya, daga farko har ƙarshe, na zauna a kan kwali na yi kukana na more.

Sai dai juyin ya zo da tasa fitinar. Maɓallan murɗawa guda uku, na ƙara sauti da na gyara amo, da a ƙasa suke. Yanzu sun dawo sama, daidai inda damtsena ke kwanciya. Sun yi mini tabo, wannan ban damu da shi ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar sallamar wani hedimasta. Muna tsakiyar waƙa, ashe hannuna ya murɗe maɓallin sauti ya kashe shi ɗungum. Ni kuwa na lumshe ido, ina ta rangaji, ina kaɗa jitar da ba ta cewa komai, sai da Dogo ya miƙo sandar ganga ya zungure ni. Yaran da ke layin gaba har da riƙe ciki. Washegari malamar ta ce mini, cikin ladabinta na malamai, in nemo mafita kafin taro na gaba. Mai fiyano ya ce in cire maɓallan gaba ɗaya in huta. Na ce masa ni ba na aikin rabi da rabi, kuma ba zan rataya jita mai giɓi a gaban jama'a ba.

Na yanke shawarar in sassaƙa sabon rami a ƙasa in mayar da maɓallan can, in toshe tsohon. Aikin bai fi ƙarfina ba, kayan aiki kuma na aro wurin kafintan da ke maƙwabtaka da ni. To, a nan gizo ke saƙa. Baba yana da inda yake ɗora babban yatsansa in yana kiɗa. Shekara da shekaru yatsan ya cinye fentin wurin, ya ci katakon, ya bar ɗan gurbi mai santsi kamar cikin ƙaramin cokali. Da na juya jitar, gurbin ya koma ƙasa, daidai inda maɓallan za su zauna. Na auna ta kowace fuska, babu yadda ramin zai shiga bai ci wurin ba. Na dai zana layina da fensir na ajiye ta a kan teburin shago.

A haka Yaya ya shigo wata Asabar da rana, wai wayarsa ta ƙi caji. Ya ga jitar, ya ga zanen, ya ga kayan sassaƙa a gefe. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ɗaukarta ya yi ya riƙe ta irin riƙon Baba, ya sa babban yatsansa a gurbin. Can ya ce, "Nan ne kaɗai hannun Baba ya rage a duniya. In kika sa masa ƙarfe, ni da ke sai gaisuwar hanya." Ya ƙara da cewa ƙarshen wata zai zo ya ɗauke ta, ya sa a yi mata akwatin gilashi ya rataye a falonsa, tunda ni ban san darajarta ba.

Ni ma ban bar maganar ta faɗi ƙasa ba. Na tambaye shi ina yake lokacin da kyankyasai ke kwana a cikinta. Na ce kiɗa Baba ya bari, ba rami a katako ba, kuma wanda ya gudu saboda bororo ba shi zai koya mini darajar jita ba. Ya ɗauki wayarsa ba a gyara ba ya fita. Mama ta ce ita ba alƙaliya ba ce, duka ita ta haife mu, amma na lura ta daina tambayata yadda atisaye ya kasance. Jitar kuwa na kai ta sito na ɓoye a bayan kwalaye, in ya zo ya ɗauki teburin.

Anti, ni ban ga laifina ba. Duk rayuwata ni ake lanƙwasawa don in dace da kayan mutane. Sau ɗaya na ce kaya su lanƙwasu su dace da ni, shi ne za a ce na ci amanar mahaifina? Ba na son wata jitar, ko kyauta aka ba ni. Wannan nake so, kuma so nake ta zauna a jikina daidai. Ina son Yaya, shi ya riƙe gidanmu bayan Baba, maganarsa kuma ta hana ni sukuni. Amma ba zan miƙa masa ita ya mayar da ita hoton bango ba. Ki gaya mini gaskiya, in sassaƙa ko kuwa?

Taki,
Bahaguwa mai bes

Ƙanwata Bahaguwa,

Na saurare ki har ƙarshe, kuma ba haƙuri zan ba ki ba. Magana biyu ce kuka cakuɗa ke da yayanki: wa zai riƙe jitar, da kuma abin da za a yi wa gurbin nan. Kowannenku yana da gaskiya a ɗaya, ya yi kuskure a ɗayar.

Ta farkon taki ce. Mahaifinku ya faɗi sharaɗinsa a gaban kowa, ke kika cika shi. Ke kika tsamo ta daga ƙarƙashin gado, kika gyara, kike kaɗawa. Juya tsirkiya da mayar da ƙusar maratayi ba ɓarna ba ce, makaɗa bahagwai sun daɗe suna yi. Na tambayi wani tsohon mai gyaran kayan kiɗa, ya ce jitar da aka rataye aka manta ta fi saurin lalacewa a kan wadda ake riƙewa kullum ana lura da ita. Saboda haka akwatin gilashi ba gata ba ne. Kada ki miƙa ta, kada kuma ki nemi gafara don kin kasance bahaguwa.

Ta biyun kuwa, yayanki ya fi ki gaskiya, ina kuma zaton kin sani. Ke da kika juya jita a rana guda ba ki shawarci kowa ba, ke da kayan sassaƙa suke gefenki, me ya tsayar da ke kika zauna kina rubuto mini? Tsoron Yaya? Wasiƙarki ba ta mai tsoro ba ce. Kin yi zanen, hannunki ya ƙi ƙarasawa. Duk gyaran da kika yi a baya ana iya mayar da shi yadda yake in an so. Wannan in kika sassaƙe ya tafi ke nan, duk iya liƙinki ba za ki dawo da shi ba.

Ki kuma duba ta wajensa. Ke kina da kiɗan. Duk Lahadi kina jin amon mahaifinki a ƙirjinki. Shi ya gwada ya kasa, abin da ya rage masa shi ne wurin da zai sa yatsa. Maganar bororon nan da kika yaɓa masa ta yi zafi, don kin taɓa inda ya fi masa ciwo. Ita kaɗai ce nake so ki ba shi haƙuri a kanta, ba jitar ba.

Sai maganar aiki. Shawarar mai fiyano da kika yi fatali da ita cikin fushi, ita mai gyaran nan ya maimaita mini. Ki cire maɓallan da ke sukar damtsenki, ki haɗa wayoyin kai tsaye, ki rufe wurin da ɗan faifai shafaffe da ya dace da launin jitar, ba wanda zai ga giɓi. Ƙara sauti da ragewa kuwa ki nemi abin takawa da ƙafa, amo kuma ki daidaita shi daga jikin lasifika. Maɓallan ki zuba su a gwangwani ki adana. Wannan ba aikin rabi ba ne, aiki ne mai tsabta da zai sa jitar ta zauna a jikinki yadda kike so, kuma yini ɗaya ya ishe ki. Ki yi shi kafin taronku na gaba.

Daga nan ki fito da ita daga bayan kwalaye. Mai gaskiya a hannu ba ta ɓoye kayanta, damshin sito ma ba alheri ba ne ga katako. Kada ki jira ƙarshen wata ya zo miki da fushinsa. Ki goge zanen fensirin nan tas, ki ɗauki jitar ki je gidansa da ƙafarki, ki ɗora masa ita a cinya ya gani da idonsa. Ki gaya masa, ba da tsiwa ba, ba kuma da rawar murya ba, cewa gurbin yana nan kuma ba za ki taɓa shi ba har abada, jitar kuwa a hannunki za ta zauna, duk ranar da ya yi kewar Baba ƙofarki a buɗe take. Zai iya saukowa nan take, zai iya ɗaukar lokaci. Ko ma wanne ne, in kin gama maganarki ki rataya kayarki ki fito da ita.

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanyaya zukatanku ke da yayanki, ya ƙara wa hannun hagun nan albarka.

Antinki